Ɗan Inna, Dokin Alhaji Mamane na Ƙarshe

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Asabar ta farko a watan Janairu, muna zaune a falon Alhaji Mamane da ke unguwar Glenwood, nan ƙasar Turawa. Akwai shi mai gidan, akwai Habu direban tasi, akwai Isufu mai aski, sai ni Sani, sakataren ƙungiya. Sauranku kun makara, kamar kullum. Ranar zaɓen dawakai ce, kuma Habu ya cika mana kunne da yabon wani duƙushi da ya gani a intanet: ubansa ya ci tsere kaza, kakansa ya ci kaza.

Alhaji ya bari sai da ya gama tas, sannan ya sauke tabarau bisa hanci, ya ce, "Bon, to. Wace ce uwarsa?"

Duk wanda ya san Alhaji ya san tambayar nan. Ya yi ta a kan doki, ya yi ta a kan ragon layya, har a kan tsohuwar motar da Isufu ya saya sai da ya yi ta. Allah ya jiƙansa. Na rubuto muku ne saboda dokinsa na ƙarshe, wanda dokarmu ta ce a karɓe ranar Asabar mai zuwa. Amma zan bi abin daki-daki, don ni ba na son magana a hargitse.

Saboda iyalanmu da za su karanta, ga yadda wasan yake. A cikinmu babu mai ko gashin wutsiyar doki. A farkon shekara kowa yana zaɓar duƙusai biyar daga cikin masu tsere a ƙasar nan, a rubuta su da sunansa. In dokinka ya ci a fili, ka sami maki a wurinmu. Ba a sa ko sisi, don tun ranar farko Alhaji ya ce wanda ya kawo maganar kuɗi ya kawo caca, ga ƙofa nan. Wanda ya zo na ƙarshe shi zai dafa shayi shekara guda. Doka ta uku kuwa ta ce wanda ya rasa zama uku a jere, dawakinsa sun fita daga hannunsa. Ni na rubuta ta.

Alhaji bai taɓa cin gasar ba, kuma buta ba ta taɓa barin hannunsa ba. Mu muna bin uba kamar yadda Turawa suke yi, shi kuwa yana ɗakin karatu na gari a gaban komfuta yana tonon asalin goɗiya, da uwarta, da uwar uwarta. "Uba suna kawai yake bayarwa," in ji shi. "Zuciya daga uwa take." Sunayen Turanci kuma ba ya ɗaukarsu. Yakan raɗa wa kowane doki nasa: Akawal, Ƙili, Bikilin Maradi. In na ce ba haka yake a takarda ba, sai ya ce, "Malam Sani, ni zan kira dokina da sunan da harshena zai karye?"

Na farko, maganar talabijin. Alhaji ya ƙi biyan kuɗin tashar da ke nuna tsere. Sai dai ranar tsere ya shiga bas ya tafi wani ƙaton kanti a Wendover Avenue, ya tsaya a gaban bangon da aka jera talabijin na sayarwa, ya roƙi mai tsaron wurin ya canza masa tasha. In an tambaye shi ko zai saya, ya ce yana dubawa tukuna. Shekara da shekaru yana dubawa! Wata rana na raka shi, kunya ta ishe ni.

"Alhaji, wannan ba tsari ba ne. Mutane suna kallonmu."

"Kai dai duba can. Ga Ƙili nan, ga shi nan, yaro na gari!"

Ƙili ya zo na ƙarshe. Alhaji ya bi bangon nan da ido daga wannan gefe zuwa wancan, babba da ƙarami, ya gyaɗa kai.

"Ka gani? A dukansu na ƙarshe ya zo. Ashe ba laifin talabijin ba ne."

Daga baya ma'aikatan kantin da kansu suka riƙa ajiye masa kujera.

Na biyu, maganar jaje. Wata Juma'a bayan an sallame, aka ga Alhaji tsaye a ƙofar masallaci ya yi jugum. Wani dattijo da bai daɗe da zuwa daga Damagaram ba ya tambaye shi ko lafiya.

"Akawal ne," in ji Alhaji. "Ƙafar gaba. Sun ce bana ba zai sake gudu ba."

Dattijon nan ya san darajar doki, ya ɗauka wani ingarma ne Alhaji ya bari a gida Maradi. Kafin la'asar labari ya zagaya. Mutane suka yi ta sallama a Glenwood, mai lemo, mai dabino. Hajiya Zinaru, matar Alhaji, ta leƙo daga kicin ta ga falo ya cika da masu "Allah ya mayar da alheri."

"Wane doki?" ta ce. "Mutumin da ko kaza ba shi da ita a ƙasar nan? Dawakin iska ne fa, jama'a!"

Alhaji ko gezau. Ya gyara zaman hularsa, ya miƙa wa na gaba hannu.

"Hajiya, bar mutane su sami ladansu."

Na uku, tafiyar Summerfield. Alhaji ya gano cewa a wata gona can akwai tsohuwar goɗiya, wadda uwarsu ɗaya da uwar Bikilin Maradi. Ya ce zumunci ya wajaba. Ya sa babbar riga, ya ɗauko dunƙulen kanwa da aka kawo masa daga gida, ya ƙulle a leda, ya sa ni tuƙi. Mai gonar wata tsohuwar Baturiya ce mai dogon takalmi. Ni kuwa Turancina na sito ne, na ɗauki kwali ajiye kwali.

"Gaya mata mun zo gaida 'yar uwar uwar dokina."

Na gaya mata iya iyawata. Ta tambayi a ina yake ajiye dokin nasa. Na ce a takarda. Ta dube ni, ta dube shi, ta yi dariya har da riƙe shinge, amma ta kai mu. Alhaji ya duba haƙoran goɗiyar, ya shafa ƙirjinta, ya ɗaga ƙafarta, yana yi mata magana da Hausa a hankali, ita kuma ta tsaya cik. Sai ya kwance leda ya fito da tsarabarsa. Matar ta ga farin dunƙule, ta ja da baya, ta ce ba za a ba dabbarta abin da ba ta sani ba.

"Mi? Kanwa ce ba ta sani ba? To da mi suke wanke wa doki ciki?"

Don ya kwantar mata da hankali, ya gutsuri kanwar nan ya jefa a baki. Jama'a, fuskarsa ta haɗe wuri guda, hawaye yana zuba.

"Gaya mata," ya ce da ƙyar, "ba ta da illa."

Ta karɓi kanwar ta ajiye a gefe, ta ba shi karas ya miƙa wa goɗiyar. A hanyar dawowa yana ta kurɓar ruwa yana murmushi. "Malam Sani, ka ga ƙirjin nan? Wala, shi ke nan! Bana namu ne." A shekarar ma shi ya dafa shayi. Kuma ban taɓa ganin ya damu ba. Zai zauna a gaban butarsa yana ɗaga hannu sama yana tsiyaya, kumfa tana tashi, yana cewa ku ku ci gasa, shi kuwa ba wanda ya isa ya tashi sai ya sallame shi da kofi na uku.

Na huɗu, mu koma zaman Janairu. Da layi ya zo kan Alhaji, sai ya zaɓi wani ɗan duƙushi da kowa ya tsallake. Isufu ya ɗaga hoton ya ƙyalƙyale.

"Alhaji, wannan ai jaki ne aka yi wa aski!"

"Kai ka san aski, ni na san doki. Uwarsa 'yar ƙarama ce. Ta yi tsere da yawa, ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, amma ba ta taɓa tsayawa a hanya ba. Da ta daina gudu ta yi ta haihuwa, duk ta raine su." Ya gyara tabarau. "Na san irinta. Malam Sani, rubuta: Ɗan Inna."

Na rubuta. Watan bai ƙare ba Allah ya karɓi abinsa, bayan 'yar gajeruwar jinya.

Ranar sadakar uku, dattijon nan na Damagaram zai ja addu'a. Ya ce yana so ya haɗa da iyayen mamaci, ya juyo wajenmu ya ce, "Wace ce uwarsa?"

Habu ya cire hula ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Duk shekarun nan muna jin tambayar, ba wanda ya taɓa mayar masa da ita. Hajiya ce ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce sunanta Rabi, 'yar guntuwar mace mai sayar da fura a kasuwar Maradi. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara shida, ta raine su da ƙwaryar nan, ba wanda ya taɓa jin ta ce ta gaji. Inna yake kiranta.

To, ga inda muke. Ɗan Inna ya fita tsere sau biyu, ya ci duka biyun. Yau sunan Alhaji Mamane ne a saman jerinmu, abin da bai taɓa gani da idonsa ba. Amma ya rasa zama uku a jere, kuma doka ta uku ba ta ware wanda ya rasu ba. Bisa tsari dokin zai koma hannun wanda ke ƙasa, wato Habu. Habu ya ce in aka ba shi ba zai iya kallon tseren ba. Ni kuma kun san ni. Na taɓa karɓe dawakin Isufu lokacin da ya je gida aure, ba zan karya doka ni kaɗai ba. Sai in mafi yawanku sun ɗaga hannu.

Allah ya jiƙan Alhaji, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa a ƙasar da ba tasa ba. Allah ya sada shi da Innarsa a Aljanna, ya ba Hajiya da yara haƙuri.

Roƙona gare ku: ku zo ranar Asabar, falon Hajiya, ƙarfe huɗu daidai, ba huɗu da kwata ba. Ku ɗaga hannu a bar Ɗan Inna ya ƙarasa shekarar nan da sunan mai shi. Butar Alhaji tana nan, kuma ni zan dafa shayin. Na san abin da kuke faɗa a kan shayina. Ku zo duk da haka.