Ranar da Na Karanta wa Kakata Labarin Na'urar Komawa Baya

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Zariya, ina da wani abokina ɗan garin Kudan da ya ɗauki rubutun labari da zafi. Ni da shi duk muna son labaran kimiyya, irin waɗanda ake ƙera abin da babu shi a duniya. Wata rana ya miƙo mini takardu shida da ya bugo a shagon kwamfuta, ya ce in karanta in faɗa masa gaskiya.

Labarin wani saurayi ne makanike a Ikara, wanda ya harhaɗa tsofaffin kayan injin ban ruwa ya ƙera na'urar da ke mayar da mutum zamanin da ya wuce. Ya shiga, ta kai shi zamanin Turawa, daidai ranar da aka zo ƙauyensu ɗibar maza don aikin tilas na haƙar kuza a Jos. Ƙanin kakansa yana cikin waɗanda aka ɗiba a wancan lokacin, kuma bai dawo ba. Sai saurayin ya riga masu ɗibar isa, ya ja ƙanin kakan nasa ya ɓoye shi a rumbu har suka tafi. Da ya dawo zamaninmu, ya tarar gidansu cike da 'yan uwan da bai taɓa sani ba, jikokin mutumin da ya ceta, ana ta hayaniya a tsakar gida.

Sau uku na karanta shi a ranar. Daga nan na zama kamar ɗan tallan maganin gargajiya, duk wanda na kama sai ya ji labarin nan. Har mai shayin bakin makaranta bai tsira ba.

Da aka yi hutu na tafi da takardun ƙauyenmu, can kusa da Paki. Wata rana bayan la'asar na tarar da kakata a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗar iri. Muka gaisa, na ce mata na zo mata da labarin da ba ta taɓa jin irinsa ba.

Ta ce, "Kai maigidan, wasu na kawo wa matansu atamfa, kai takarda ka kawo mini? To karanta mu ji."

Na gyara murya na fara. Batun na'urar bai dame ta ba ko kaɗan, ta ce ai wanda ya ga rediyo ya ga waya ba ya musun komai. Da na zo wurin rumbu ne ta tsayar da ni.

"Wane lokaci ne? In da kaka ne, rumbu cike yake da dawa. Ina zai shiga?"

Na ce, "Iya, labari ne fa."

Ta ce, "To ci gaba."

Na kai ƙarshe ina jiran yabo. Sai na ga ta daina ɓarar gyaɗar, hannunta yana cikin ƙwarya. Can ta ce, "To wa aka ɗauka a madadinsa?"

Ban gane ba. Na ce ai ba a ɗauki kowa ba, an cece shi, shi ke nan.

Ta girgiza kai. "Ba haka ake yi ba. Dagaci ake ce wa ya kawo mutum kaza. In ɗaya ya ɓuya, sai an cika da wani. Abokin nan naka bai tambayi tsofaffi ba."

Daga nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji a gidanmu ba. Ta ce tana yarinya aka zo irin wannan ɗibar. Mahaifinsu ya samu labari tun kafin a iso, ya tura yayanta cikin gonar rake a fadama, ya kwana uku a can. Da aka neme shi aka rasa, sai aka shiga gidan da ke jikin nasu. Matar gidan mijinta ya rasu, ɗa namiji ɗaya gare ta, shi yake noma musu abin da za su ci. Shi aka tafi da shi. Bayan watanni wasu suka dawo a rame suna tari, suka ce sanyi da ciwo sun kashe shi a can.

Na ce, "Matar ta san abin da ya faru?"

Ta ce, "Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ta sani mana." Ta ce tun daga shekarar, duk damina yayanta sai ya fara nome gonar matar nan kafin ya taɓa tasa, har ta bar duniya. "Ba ta taɓa ce masa sannu ba. Ba ta kuma taɓa hana shi ba."

Na san wannan yayan nata. Tsoho ne mai yawan shiru, ya rasu ina firamare. Da jikokinsa na tashi a wannan gidan na mahaifinsu, da su muke cin tuwo a kwano ɗaya. Ashe gidan nan mai hayaniya da ya burge ni a takarda, a cikinsa na girma. Kangon da ke jikin gidanmu kuwa, inda muke ɗaure awaki, ban taɓa tambayar na wane ne ba.

Da na koma makaranta na gaya wa abokina. Ya ɗan ji haushi, ya ce shi labarin kimiyya ya rubuta, ba tarihi ba. Bayan sati biyu shi da kansa ya tayar da zancen. Ya ce ya gwada gyarawa ya kasa, duk wanda ya ɓoye sai an ɗauki wani. A ƙarshe ya bar labarin yadda yake.

Har yau ina son labarin nan, kuma in aka tambaye ni zan ce ya iya rubutu. Sai dai yanzu duk lokacin da na karanta inda wani ya koma baya ya ceci nasa, hankalina yakan tafi gidan maƙwabta. Haka ma in na ji wani yana cewa da shi ne a wancan zamanin da ya yi kaza, sai in tuna ni ma na sha faɗin haka.

A ranar da na karanta wa kakata labarin, kafin in tashi, na tambaye ta ko da za a ba ta na'urar za ta koma. Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta fasa, ta daɗe tana kallon ƙwayar.

Ta ce, "In koma in ce wa Baba me? Ya fito da ɗansa?"