Ɗiyar Fari da Buhun Dusa

Ban taɓa zaton zan tsufa in koyi duka ba, balle a ce mai koya mani ita ce wadda ko sunanta bakina bai taɓa kamawa ba.

A Pauwa nake aure, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duk ranar kasuwa nakan ɗauki jarkata da kwanona in nufi Ƙanƙara, ni da maƙwabciyata mai daddawa. Gidajenmu a ƙarshen gari suke, kafin mu kai inda ake hawan babur sai mun ratsa wata 'yar hanya ta cikin gonaki. Da damina, in masara ta yi tsawo, ko raƙumi ne ya shiga ba ka hango shi. A wannan hanyar wani ɗan shaye-shaye ya tare maƙwabciyata, ranar da zazzaɓi ya hana ni fita ta tafi ita kaɗai. Ba bindiga gare shi ba, ba wuƙa. Wuyan hannunta kawai ya damƙe ya fara jan ta cikin masara. Allah ya sa wasu manoma na kusa, suka ji kwanonta ya faɗi, suka leƙo, ya sake ta ya ruga.

Da labari ya iso gida, Malam, maigidana, ya ce kasuwa ta ƙare. Na yi magiya, na yi fushi, na ƙi cin tuwo, ya yi mursisi. Kai, na ji zafin abin! Kasuwar nan ita ce fitata, nan nake ganin 'yan garinmu, nan nake jin wa ya haihu wa ya rasu. Da ita na yi wa kaina sutura tun ina amarya ban roƙi kowa ba. Yanzu saboda wani ɗan iska ɗaya a ce in zauna in tasa turmi gaba ina kallo?

Ana cikin haka ta zo hutu. Ɗiyar farina ce, tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Sabuwa. Tun da aka yaye ta Inna, mahaifiyata, ta ɗauke ta zuwa Faskari, can ta girma, can ta yi makaranta. Yaya take ce mani, yadda ta ji ƙannena suna faɗi. Ni kuwa "ke" nake ce mata, in maganarta ta kama a gaban mutane sai in ce "ta wajen Inna". Ban taɓa yi mata kitso ba, ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da ita ba. In ta shigo ɗaki nakan tuna ina da aiki a madafa. Haka Inna ta yi wa yayanmu, haka na ga ana yi, kuma mata suna yabona a kai. Har misali ake da ni a unguwa, wai ga mai kunyar ɗiyar fari irin ta mutanen da.

Da ta ji abin da ke faruwa, sai ta sami Malam yana ba tumaki harawa, ta durƙusa daga gefe. Ina madafa ina jin su.

"Baba, in Yaya ta iya ƙwace kanta daga hannun mutum, za ka bar ta ta koma kasuwa?"

Shi ma ba ya kallonta, tunkiya yake kallo. Ya ce, "Wa zai koya mata?"

"Ni. Akwai 'yar sanda da muke haya gida ɗaya, ita ta koya mana mu duka, saboda hanyar ƙauyukan da muke bi in mun fita allurar rigakafi."

Malam ya yi dariya har da tari. Ya ce wa tunkiyar, "To, ranar da na gani da idona ta ƙwace daga hannunki, ta je kasuwarta." Ya san abin da yake yi, tsohon nan. Ya san ni sarai.

Washegari da hantsi ta cika buhu da dusa, ta rataye shi a reshen bedin da ke tsakar gida. Ta kira maƙwabciyata ma, don mu koya tare. Ni na tsaya can nesa ina tsince gyaɗar da na riga na tsince.

"Ku saurara," in ji ta. "In mai bindiga ne, ko suna da yawa, babu zancen duka. Ku ba su abin da suka ce, ku yi ta addu'a. Wannan da zan nuna maku na mutum ɗaya ne, wanda ya kama ki da hannu yana son ya ja ki inda ba mutane. Kuma ba dambe za ki tsaya yi da shi ba. Ki buga ya saki, ki gudu, shi ke nan."

Ta ce kada mu dunƙule hannu, yatsun mace ba su saba ba, ciwo za mu ji wa kanmu. A buɗe tafi, a buga da gindinsa, nan wurin da nake murza ƙuli da shi, daga ƙasa zuwa sama, a ƙarƙashin hanci ko a haɓa. In ta baya ya zo, a taka masa bisan ƙafa da diddige, a mayar masa da gwiwar hannu a haƙarƙari. A fara ihu tun bugun farko, kada a tsaya jiran murya ta dawo. Ta ce ranar kasuwa mu riƙa sa wando a ƙarƙashin zane, mu naɗe hijabi in za mu shiga gonaki, don dogon hijabi igiya ce ka miƙa wa mutum. Sai kuma ta zo kan inda ake kai wa namiji gwiwa. Ta faɗe shi da sunansa, ɓaro-ɓaro, a gabana! Allah na tuba, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Maƙwabciyata ta toshe baki tana ƙyaƙyatawa, ni kuwa na ce tukunyata na ƙonewa, alhali ko wuta ban hura ba.

A kan buhu kam ba a magana. Hannun da ya shekara da shekaru yana matsar mai ba abin wasa ba ne. Ta ce in bar bugu da kafaɗa, in sako ƙarfin daga ƙugu kamar ina daka. Da na gane wannan, bugu ɗaya na yi dusa ta yi tsartuwa ta bakin ɗinki, kaji suka taho a guje. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. In ba kowa a gida nakan je in ɗan ƙara masa biyu, ina tuno fuskar yaron da ban taɓa gani ba.

Matsalar ta fara ne ranar da ta ce buhu ba ya riƙe mutum, sai an gwada da hannu. Ta fara da maƙwabciyata. Tana damƙar wuyan hannunta baiwar Allah ta fashe da kuka, ta ce ita ba za ta iya ba, abin ya dawo mata sabo. Daga ranar ba ta sake shigowa ba. Malam kuwa ba a ma kawo zancensa ba, wace ce ni da zan kai wa mijina tafi a hanci? Saura ni da ita.

Ta matso ta kama hannuna. Tafinta da ɗumi, da ƙarfi kuma, ban san tana da ƙarfi haka ba. Nan take jikina ya mutu. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata.

"Yaya, kada ki ja baya, namiji ya fi ki ƙarfi. Ki murɗa hannunki wajen babban yatsana, nan ne riƙo ya fi rauni. Murɗa."

Na ɗan motsa hannun kamar mai korar ƙuda.

"Ki dube ni mana. Yaya za a yi ki bugi abin da ba ki kallo? Ga haɓata nan, dube ta."

"Ke, sakar mani hannu," na ce, "mutane za su shigo."

"Su shigo. Shi wancan in kin ce ya saki zai saki?"

"Na ce ki sake ni!"

Ta saki. Ba ni na ƙwace ba, ita ta saki, kuma mu duka mun sani. Haka muka yi ta yi kullum. In buhu ne, in kusa tsinka igiya. In ita ce, hannuna ya koma lagwani. Wata rana haushi ya kama ni na ce mata wannan koyarwar rashin ta-ido ce, ina aka taɓa ganin ɗiyar fari ta riƙe uwarta tana cewa dube ni? Ta ɗaure fuska ta ce, "Da a ce mani an ja ki cikin masara, gara a ce ba ni da kunya." Na shige ɗaki na bar ta tsaye da buhunta. Malam na zaune a ƙofar turakarsa yana jan carbi, yana murmushin da ya fi zagi ciwo.

Hutunta ya zo ƙarshe, ta haɗa jakarta. Ni kuma na riga na haƙura da kasuwa a raina, har na fara tunanin wa zan riƙa ba ƙulin ya kai mani. Bayan azahar na zagaya bayan gida, inda nake shanya gyaɗa kusa da dangar gonar Malam. Na duƙa ina tattarawa, hankalina na can wani wuri.

Sai ji na yi an cafko ni ta baya. Hannu ɗaya a wuyana, ɗaya ya damƙe dantsena, ana ja na wajen masara. Ba a ce uffan ba.

Wallahi ban yi tunanin komai ba. Idona ya rufe. Na kurma ihun da ban san ina da shi ba, na sauke diddige a kan ƙafar, na mayar da gwiwar hannu baya na ji ta nutse a jiki. Riƙon ya sassauta, na murɗe na juyo, na ɗaga gindin tafina daga ƙasa da duk ƙarfin ƙuguna. Sai da ya sauka na ga ɗankwalin ta wajen Inna.

Ta zube zaune a kan gyaɗata, hannu biyu a fuska, jini na bi ta tsakanin yatsunta.

"Wayyo ni! Wayyo na kashe ta!"

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na janye hannayenta, na tallabo fuskarta ina dubawa. Ita da ke aikin jinya ita ke gaya mani abin yi, murya a toshe: kada in ɗaga mata kai sama, in matse mata hancin, in bar ta ta kwanta a gefe. Na kwantar da kanta a cinyata, na matse hancin da bakin zanena. Ina kuka ina yi mata faɗa. Wane irin hauka ne wannan? Da na fasa maki ido fa? Da taɓarya ce a hannuna fa? Ita kuwa dariya take ƙoƙarin yi, haƙoranta duk jini. Ashe tana da 'yar wushirya ta ƙasa. Ashe akwai tabo a gefen girarta, tsoho, ban san ranar da ta same shi ba, ban san wa ya wanke mata shi ba.

Ihun da na yi ya tara unguwa. Maza suka ɓullo ta cikin gona da fartanya da gora, mata suka zagayo ta ƙofar baya, wasu ko mayafi babu. Suka zo neman ɓarawo, suka iske ni zaune a ƙasa, ɗiyar farina kwance a jikina, hannuna a fuskarta. Sai wata tsohuwa ta tafa hannu ta ce, "Lale! Yau mi za mu gani? Mai kunya ce haka?" Mata suka kwashe da shewa. Na ji fuskata ta ɗauki zafi har cikin kunne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban san wacce ta fi ci na ba, ta ganin da suka yi mani, ko ta cewa sai da na fitar mata da jini sannan na san kamannin fuskarta.

Malam ya ratso mutane, ashe yana bayan danga tun farko, da shi aka ƙulla. Ya dubi jinin, ya dube ni, murmushin nan ya ɓace. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ki je kasuwarki." Abin da na yi ta nema ke nan, amma ko kai ban ɗaga ba.

Tsohuwar ta matso tana naɗe hannun riga. "Tashi, ɗiyata, kawo ta nan in riƙe maki, ki samu ki shiga ciki ki ɓoye fuskarki."

Na ɗaga bakin zanen a hankali na duba. Jinin ya tsaya, har ya fara bushewa a gefen hancin. Na yunƙura zan zame ƙafata, sai na ji ta riƙe mani gwiwa. Ba irin riƙon koyarwa ba ne, riƙo ne mara ƙarfi, da na motsa kaɗan zai saki. Idonta a rufe, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Yaya, ɗan bari tukuna. Bai tsaya ba."

Ita ce ma'aikaciyar jinya, ta fi ni sanin ya tsaya. Mata na tsaye a kaina suna jira, tsohuwar ta miƙo hannu biyu. Na mayar da zanen na rufe hancin, na gyara mata kai a cinyata.

"Ku bar ta, Iya," na ce. "Bai tsaya ba."