Ambulan Ɗin da Na Leƙa a Ulaya

A shekarata ta shida ina tuƙa wani dattijon Bature ɗan Ingila a wani kamfani a unguwar Ulaya, can ƙasar Larabawa, ya aike ni ofishin masu shirya tafiye-tafiye in karɓo masa ambulan. Ni kuwa Allah ya yi ni da shisshigi. Ba a liƙe bakin ba, na leƙa.

Larabcina na cinikin tumatir ne a kasuwar Aziziya, amma kalma biyu na kama su tsaf: "insihab", wato janyewa, da "Biritaniya". Ga taswira, kibau duk sun nufi teku. Ga hoton motoci an jibge a bakin ruwa, ba kowa a ciki. Na mayar da takardun, na hau lissafi. Saura wata biyu katin zamana, iƙama, ya ƙare, kuma kamfanin nan ba ya sabunta wa direban da ba shi da wanda zai tuƙa. In Turawan suka janye, huruj nihai za a buga mini, fita ba dawowa.

Kwana uku abinci ba ya wuce mini. Sau biyu ina wuce kwanar da nake bi kullum, ana ta yi mini hon. Shi kuma yana baya yana waya, sai in tsinci maganar jiragen ruwa da barin kaya. Haushinsa ya kama ni. Mutum za ka gudu, ko ka ce da ni ci kanka?

Rana ta huɗu muna tsaye a danja na kasa daurewa.

"Yallaɓai, in kun janye, mu direbobi ina za a kai mu?"

Da na faɗa masa abin da na gani a ambulan, sai da ya cire tabarau don dariya. Ya ce ai tsohon yaƙi ne, tun ba a haife shi ba. An fatattaki sojojinsu har gaɓar tekun Faransa, aka kwashe su a jirage, har da na masunta. Mahaifinsa na cikin sojojin. Yanzu akwai masu zagayawa da mutane, su nuna musu hanyar da aka bi da ƙafa da rairayin da aka yi layi ana jira. Kuɗin wannan yawon ne ya biya. Shafin Larabcin kuma ofishin ne ke haɗawa da kowace takarda.

Na zagi kaina a zuci, na yi ta hamdala. Cikin murna na tambaye shi ranar da zan ɗauko shi a filin jirgi in ya dawo.

Ya juya yana kallon taga. Ya ce daga can gida zai wuce, ya ajiye aiki, bai san yadda zai faɗa mini ba ne. Danja ta ba mu hannu, ban taka ba.

"To iƙamata fa, yallaɓai?"

"Zan yi musu magana," in ji shi. "Insha Allah."

Ya faɗe ta daidai yadda 'yan ofis ke faɗa in suna so ka tashi ka ba su wuri.