Masinja da Wasiƙar Akawun Tangaraho

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ƙofar baya ta gidan waya, ya jingine kekensa a bango, ya zazzage buhun da mota ta kawo a kan teburin rarraba wasiƙu. A da buhu shida ake saukewa, mutum huɗu na rarrabawa, ana hira ana yi wa juna tsiya. Yanzu buhu ɗaya ne, shi ma rabi, kuma shi kaɗai ne a ɗakin, sai tsohuwar fanka da ke kuka a sama. Shekara talatin da takwas ke nan. A takardar aiki an canza wa muƙaminsa suna sau uku, na ƙarshen ma shi kansa ba ya iya faɗinsa daidai. Tsofaffin gari dai Masinja suke ce masa, kuma shi yake amsawa da sauri. Masu kiransa da sunan kullum raguwa suke yi.

In ba shi ba, wa zai kai wasiƙar da aka rubuta wa "Gidan Duba-gari, bayan silima"? Silimar ta zama kantin tayal tun ba yau ba. Duba-garin kuwa, wato jami'in tsafta da ke bi gida-gida yana leƙa randa da makewayi, ƙasa ta daɗe da rufe idonsa, amma jikokinsa na nan, kuma Masinja ya san ƙofarsu. Kwamfutar ofis lamba take so, in babu lamba sai ta yi zuru. Shugabar ofis takan ce, "In wasiƙa ta gagare mu, Baba muke miƙa wa ya shinshina ta."

Abin da ke sosa rai shi ne, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane, tasa ƙofar ba mai ƙwanƙwasawa. Matarsa ta rasu shekara shida, 'ya'yan suna nesa, sai wayar minti biyu. Da yamma shi da rediyo suke cin abinci.

A farkon watan da zai ajiye aiki wata ambulan ta faɗo daga buhu, da rubutu mai karkarwa: "Zuwa ga Akawun Tangaraho, a ba shi hannu da hannu. Daga ƙanwarsa." Ba lambar gida, ba sunan titi. A baya an ƙara layi ɗaya: "In ya rasu a dawo mini da ita, zan gane."

"Baba, mene ne ma tangaraho?" in ji shugabar.

Ya ce saƙon gaggawa ne da ake bugawa ta waya, kalma huɗu ko biyar, kuma an rufe sashen tun kafin ta san hanyar makaranta. Ta tuna masa da ƙa'ida: wasiƙar da ta yi kwana talatin ba a sami mai ita ba, mayar da ita ake yi.

"Kin ga kuwa in ta koma, ta'aziyya muka aika mata," in ji shi. "Alhali ba mu san ya mutu ba."

Ya tuna mutumin. Dogo ne, yana zama a tagar ƙarshe da biro a bayan kunne, lokacin shi Masinja yana sabon shiga. Rabonsa da ganinsa ya kai shekara talatin.

Kullum in ya gama zagayensa sai ya juya keke ya shiga nema, duk da gwiwarsa mai ciwo. Tsohon gidan Akawu ya zama shagon sayar da wayoyi, masu shagon suka dube shi kamar ya zo da wani yare. Ya je wajen mai gyaran agogo na bakin kasuwa, wanda shi ne ya ba da labarin wannan hirar daga baya.

"Ai ina jin ya mutu," in ji mai agogo.

"Ka je jana'izarsa?"

"A'a."

"To bai mutu ba tukuna."

Mai agogo ya tura shi wajen wata tsohuwar ungozoma, ita kuma ta yi ta lalube a ƙwaƙwalwarta har ta tuno cewa ɗan wan Akawu ya ɗauke shi, can hayin layin dogo. Unguwar ba ta cikin zagayen Masinja, ba wanda ya sa shi. Ya bi ta layi-layi, sai a kwana na ashirin da bakwai ya dace da gidan.

Matar gidan ta leƙo da kumfar wanki a hannu. "Akawu? Mu ba mu da akawu a nan, sai dai Tsoho."

Ta kai shi wani ɗan ɗaki a bayan gida, inda aka jibge tsofaffin katifu da buhunan gawayi. Tsohon na zaune a bakin gado, idanunsa sun tafi, ba ya gani, fuskarsa na kallon bango.

"Salamu alaikum, Akawu."

Tsohon ya juyo a hankali. "Me ka ce?"

"Na ce Akawu. Masinja ne, daga ofis. Kana da wasiƙa."

Matar gidan ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya miƙe bayansa haka ba. Masinja ya karanta masa. Ƙanwar ta ce rabonta da shi shekara talatin, mijinta ya rasu, ƙafafunta sun fara ƙin ta, ta rubuto sau biyar zuwa tsohon gida ba amsa, wannan ce ta ƙarshe. Tsohon ya yi kuka, bai ɓoye ba. Masinja ya ciro takarda da biro, ya gyara zama, don ya ɗauka amsar shekara talatin za ta ci shafi uku.

"Rubuta," in ji Akawu, yana buga yatsa a gwiwa. "Ina raye. Ki zo."

"Shi ke nan?"

"Aikina ne. Na san abin da ke isa."

Bayan kwana uku Masinja ya ajiye aiki. Aka ba shi agogon bango, aka sha lemo, aka yi hoto, ya tura kekensa ya tafi gida shi kaɗai.

Baba Masinja, kai ne ka riƙe mana sunayen da muka yar, tare da mutanen da ke amsa su. Mu mun iya lamba, mun iya latsa waya, amma tsohon da ke ɗakin bayan gidanmu ba mu san aikin da ya yi ba, balle sunan da abokansa ke kiransa da shi. Kunya ta kama mu, kuma ya kamata ta kama mu. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba gwiwar nan lafiya.

Ku kuma masu karatu, kowa ya shiga wajen tsohon da ke gidansu yau, ya tambaye shi me ake ce masa a wurin aiki, ya kira shi da shi. Kada a jira sai an sami lokaci. Ranar Talatar da ta wuce ƙanwar Akawu ta sauka a tasha tana dogara sanda, kuma ta same shi da ransa.