Fir'auna a Ƙarƙashin Diddigen Inna

Shekarar da na raka Yaya asibiti a Masar, shi ya dawo Daura da jallabiyoyi da turare, ni na dawo da mutum-mutumi. Ɗan ƙarami ne, bai wuce tafin hannu ba, na dutse mai yashi-yashi. Kwaikwayon ƙattin sarakunan nan ne da ke zaune a ƙofar tsohon ɗakin bautarsu, hannu bisa gwiwa kamar masu jiran a kawo tuwo. Ina son abin nan, ba zan ɓoye ba. Na ɗora shi a kan talabijin.

Yaya kuwa tun da ya samu lafiya ya samu bakin magana. Ya ce gunki ne, mala'iku ba sa shiga inda yake, kuma gidan nan na gado ne, ba nawa ni kaɗai ba. Ko in fitar da shi, ko a fille masa kai, don in babu fuska babu laifi. Ya ba ni zuwa bayan bikin salla.

Na shiga neman hujja a waya. Can na gano ashe akwai duwatsu da ke yawo a sararin samaniya, masana na raɗa musu sunayen sarakunan da, har da na Masar. Na garzaya wurin Inna, mahaifiyarmu, na same ta tana tsinkar zogale. In ta goyi bayana, Yaya bai isa ba.

"Inna, sarkin nan fa yana da takwara a sama."

"Wa ya yanka ragon sunan?"

"Ba a yanka ba, Inna. Dutse ne."

"To sunan da babu rago ai ba a tinƙaho da shi." Ta karɓi mutum-mutumin daga hannuna, ta shafa fuskar da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa. "Bar shi wurina kafin yayanka ya huce."

Na bar mata, har da godiya. Ni ma dai wani lokacin sai a hankali.

Bayan salla Yaya ya dawo daga Kongolam, ko hutawa bai yi ba ya ɗauko guduma, ya ce a fito da gunki. Inna ta ce a duba banɗaki, kusa da soso. Na ɗauko shi a jiƙe yana ƙamshin sabulun salo. Ba hanci, ba ido, ba gemu, fuska sumul kamar ƙwai.

"Tun da nake ban taɓa samun dutsen goge kaushi irinsa ba," in ji Inna, ta miƙo mana diddige mu gani. "Hancin ya fi ci, sai dai bai jima ba."

Yaya ya jujjuya shi, ya ajiye guduma, ya ce yanzu kam ya halatta. Ya yi ta dariya har da riƙe wurin da aka yi masa aiki. Ni kuwa raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Inna, sarki ne fa." Ta ce ai ta sani, shi ya sa take farawa da ƙafar dama.

Haka ta ci gaba da shi har ya koma kafaɗu da gwiwoyi kawai. Bara da ta rasu, muka zauna rabon 'yan kayanta, na miƙa hannu zan ɗauki abina, sai na tarar da hannun Yaya a kai. Bai ɗaga ba. Na janye nawa.

Yanzu yana kan talabijin ɗin Yaya, kuma ba ya barin yara su taɓa.