Ruwan Zanzibar

Yayan matata ya yi zaman Legas, shi ya sa ya raina ni. A wani taron suna a Kibiya ya ce, "Kai ɗan Rano, ka taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufi?" Aka yi dariya, na haɗiye.

Da na samu halin zuwa hutu bakin teku, ban zaɓa don kyan yashi ba. Inda bai taɓa takawa ba na nema, na tafi Zanzibar.

Na kawo masa tsaraba a 'yar jarka, na ce, "Ruwan Zanzibar ne." Kunnensa ya ji zamzam. Ya yi bisimilla, ya kwankwaɗa a gaban baƙinsa, gishiri ya shaƙe shi.

Na ce, "Yaya, ya fi kududdufi?"