Ranar da Sada Ya Zauna Ƙarƙashin Buhunan Gero

A watan nan ne aminina Sada ya cika shekara goma sha tara da komawa ga Mahaliccinsa. Tare muka tashi a Dutsin-Ma. Shi boko ya ɗauke shi har Zariya, inda ya koyi zanen gine-gine, ni kuma na gaji mahaifina a rumfar hatsi. Duk da haka, sana'ata ta taɓa shiga cikin karatunsa, kuma abin da na gani a lokacin bai bar idona ba har yau.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba ya dawo gida don rubuta kundin kammala karatunsa. 'Yan ajinsu duk kan siminti da ƙarfe suke rubutu, shi kuwa ya zaɓi ginin ƙasa. Haka zai hau keke ya nufi Birchi ko Tamawa, ya shiga tsohon zaure ya kwanta rigingine yana kallon rufi, sannan ya tashi ya auna, ya zana. Abin da ya fi ɗaukar masa hankali shi ne bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin nan na azara da laka da ke riƙe rufin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba.

Malaminsa Bature ya yaba zanen, amma ya ce kundi ba ya tsayawa da sha'awa. Dole sai Sada ya nuna nauyin da irin wannan rufi zai iya ɗauka. Ba tsohon littafin da zai duba, domin babu wanda ya taɓa gwadawa. Idan bai kawo hujja ba, shekarunsa na karatu sun tafi a banza.

Sai ya sami Baba Tanko, wani magini a Kurfi, suka gina ɗan soro a bayan gari. Tare suka zaɓi azara, tare suka yi ta gardama kan kaurin bango. Da ginin ya bushe, Sada ya same ni a kasuwa.

"Malam Iro, gero nika so ka ara mani, duk abin da ke rumbunka."

"Biki za ka yi?"

"Bisa soro za mu ɗora shi."

Na yi zaton wasa yake, sai da na ga jakuna a ƙofar gida.

Ranar gwajin, mutanen Kurfi suka fito kamar ana sallar Idi. Aka kafa tsani, 'yan dako suna hawa da buhu ɗaya bayan ɗaya. Sada ya rataya zare mai ɗan dutse daga tsakiyar bakan, don ya ga ko rufin zai sauko ko da kaurin farce ne. Matsalar ita ce, ba a iya duba zaren sai daga ciki. Ya ɗauki tabarma ya shiga ya zauna.

Baba Tanko ya riƙe masa riga. "Ɗana, ni na gina shi, amma ban taɓa ɗora wa gini irin wanga kaya ba. Fito."

"Baba, in na tsaya waje, mi zan rubuta?"

Aka ci gaba da lodi. Can sai muka ji azara ta yi ƙara, ƙasa ta ɗan zubo masa a kan hula. Wata tsohuwa ta fara salati, 'yan dako suka tsaya cak. Sada ya kakkaɓe takardarsa, ya duƙa ya dubi zaren, ya ɗaga murya ya ce a ƙaro. Haka aka yi har buhuna suka ƙare, maza suka hau suka tsaya a kansu. Soron bai motsa ba. Da ya fito, Baba Tanko ya matso jikin soron. Bangon ya dafa da tafin hannu, yana hawaye.

Kundin ya samu karɓuwa, Sada ya yi aiki a garuruwa da dama. Yanzu idan na bi ta sabbin unguwannin Dutsin-Ma, na ga bulo da kwano, mutane sun gudo waje saboda zafin ɗaki, nakan tambayi kaina me zai ce. Ba na jin zai yi faɗa, don bai taɓa ƙin siminti ba. Na fi zaton zai tambayi mai gidan ko an taɓa gwada masa wani abu dabam kafin ya zaɓa.

Soron nan ya daɗe da rushewa, tun da aka daina yi masa yaɓe. Amma bara wata ɗaliba 'yar ƙauyen Shema ta zo nemana. Ta ce ta karanta kundin, kuma da ma'auninsa ta gina aji a ƙauyensu. Ta kai ni na gani da rana tsaka, ana tsananin zafin bazara. Yara cike da ɗakin suna karatu, ba mai fifita, ba mai zufa. Babu ɗayansu da ya san sunan Sada, kuma na tabbata hakan ba zai dame shi ba. Allah Ya sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya wa yaran nan wurin zama.